Mu da Dabbobinmu: Abin da Launin 'Yar Hawainiya Yake Faɗa Mana

A wannan fili mun saba yin maganar kaji da awaki da zomaye, watau dabbobin da suke kawo wa gida amfani. Yau kuwa za mu ɗan ratse, mu yi maganar wata ƙaramar halitta wadda ba a kiwonta domin nama ko domin ƙwai, amma da wuya damina ta wuce wani yaro bai shigo da ita gida a kan tsinke ba. Hawainiya ke nan.

Za mu fara da wani kuskure da muka yi a gidanmu, domin kada ku ma ku yi irinsa.

Damina biyu da suka wuce, autanmu ya komo daga makaranta da wata 'yar hawainiya, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. A jikin dangar zogale ya same ta. Da kakarsa ta gani sai ta miƙe tsaye, ta ce, "Kai, fitar mana da abin nan! Ba ka san cizonta ba ya warkewa ba?" Yaron ya juyo wurinmu, ya ce, "Baba, don Allah a bar mini ita." Muka bar masa. Muka ba shi babbar kwalba, muka huda murfinta, ya zuba ganye a ciki, ya sa ruwa a wani ɗan murfi, ya ajiye ta a bisa kabad a ɗaki. Yaran maƙwabta suka yi ta zuwa, wannan ya ciro ta ya ɗora a jan zane, wancan ya ɗora a shuɗi, suna jira su ga ta rikiɗa.

Kashegari ta yi duhu. Muka ce ai launin kabad ne ta ɗauka. A rana ta uku ta yi baƙi ƙirin, idanunta a rufe da tsakar rana. A rana ta huɗu ta mutu. Yaron ya yi kuka, har ya ƙi cin tuwo daren nan. Laifin kuwa namu ne, mu manya. Kwana uku dabbar tana nuna mana da jikinta cewa tana shan wahala, mu kuwa muna kallo muna sha'awa.

Da farko, ba ta da dafi

Bari mu kawar da tsoron tukuna. Akwai hawainiya iri fiye da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke, amma babu ko ɗaya mai dafi. In ta tsorata takan kumbura jikinta, ta buɗe baki, ta yi huci. Barazana ce kurum. Babba tana iya cizo in an matsa ta, amma cizon ba ya wuce abin da za a wanke da ruwa da sabulu. Miyaunta ba ya ƙona fata, ba ya kuwa sāke wa mutum launin jiki. Wannan tsoro marar dalili shi ne yake sa a jefe ta a kashe duk inda aka gan ta, alhali kuwa fara da ƙuda da tsutsar ganye take ci a gonarmu.

Abu ɗaya ne ya kamata a kula da shi. Kamar sauran masu jan ciki, irin su ƙadangare da kunkuru, tana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar da ake kira salmonela a kashinta, masu kawo zawo da zazzaɓi. Saboda haka duk wanda ya taɓa ta ko ya share wurinta, sai ya wanke hannu da sabulu. Yaron da bai kai shekara 5 ba, kallo ya ishe shi.

Yadda take sāke launi

Mutane da yawa suna tsammani hawainiya tana ɗaukar launin duk abin da ta hau. Ba haka ba ne. Ku ɗora ta a jan zane daga safe har yamma, ba za ta yi ja ba. Launinta na kullum, kore ko ruwan ƙasa, shi ne yake ɓoye ta a cikin ganye tun kafin ta yi wata rikiɗa. Tana iya ƙara duhu ko haske kaɗan domin ta saje da wuri, amma manyan abubuwan da suke sa ta rikiɗa su ne zafi da sanyi, da haske da duhu, da tsoro ko fushi, da lafiyar jikinta.

Fatarta hawa hawa ce. A sama akwai launin rawaya. A can ƙasa akwai baƙin launi irin wanda yake cikin fatar mutum, wanda yakan bazu ya hau sama ya rufe sauran, ko kuwa ya tattaru ya koma ƙasa. Wannan shi yake sa ta yi duhu ko ta yi haske. A tsakani kuma akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A shekarar 2015 masana na Jami'ar Janeba a ƙasar Suwizalan suka bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi a jikin wata irin hawainiya ta Madagaska. Sa'ad da hankalinta yake kwance, ƙwayoyin suna matse da juna, suna mayar da shuɗin haske. Duk ɗan makarantar da ya taɓa gauraya fenti ya san shuɗi da rawaya kore suke bayarwa. In hankalinta ya tashi sai ƙwayoyin su buɗe, su yi nesa da juna, sa'an nan launin ya koma rawaya ko ja. A jikin manyan maza wannan aiki ya fi ƙarfi.

Namu na nan ƙasar ba su kai na Madagaska ado ba. Tsakanin kore, da rawaya, da toka-toka, da ruwan ƙasa, da baƙi suke kai da kawowa. Ƙarama kuwa launukanta ba su da yawa, sai ta girma suke ƙaruwa.

Mu koyi karanta ta

Ga abin da za ku riƙa dubawa kowace rana.

In ta yi kore mai haske, idanunta a buɗe suna juyawa, wannan ya dubi gabas wancan ya dubi yamma, wutsiyarta a naɗe, to lafiya lau take.

In ta yi duhu da sassafe, ta baje jikinta ta ba rana gefenta, ɗumi take nema. Jikinta ba ya yin zafi da kansa kamar namu, baƙin launi kuwa ya fi jan zafin rana. In ta ji ɗumi za ta koma kore.

In ta koɗe ta yi fari-fari da rana, bakinta a buɗe, zafi ya yi mata yawa. Maza ku kai ta inuwa, ku yayyafa wa ganyen ruwa. Wannan ba abin jinkiri ba ne, gama zafi yakan kashe ƙarama nan da nan.

In ta koɗe da dare tana riƙe da reshe, barci take yi. Haka dukansu suke yi. Kada a tashe ta.

In ta yi duhu farat ɗaya, da ɗigo-ɗigo ko zane-zane a jiki, ta kumbura, ta ga abin tsoro ke nan. Wataƙila kyanwa ce, wataƙila tsuntsu, wataƙila kuwa hannunku ne. Ku ja da baya.

In launinta ya dushe ya yi kamar an barbaɗa mata toka, bayan kwana ɗaya ko biyu fatar ta fara tsagewa fara sol, saɓa take yi. Ƙarama takan yi saɓa bayan 'yan makonni kaɗan, gama tana girma da sauri. Kada ku taimake ta da ɓarewa. Ku ƙara mata yayyafi kurum.

Amma in ta yi duhu ta zauna a haka yini guda ko fiye, tana rufe ido da rana, idanun sun faɗa, ko kuwa ta sauko ƙasa ta kwanta, to tana cikin hatsari. Hawainiya mai lafiya ba ta barcin rana. Wannan ita ce alamar da muka gani a gidanmu ba mu gane ba.

Mukan kira mutum mai fuska biyu hawainiya. Mun ɗan zalunce ta da wannan, gama abin da take ji a jikinta shi ne launinta yake nunawa.

Ɗakinta

A daminar bara autan ya sāke samun wata. A wannan karo muka ce masa sai an shirya mata wuri kafin ta kwana a gidan. Ga yadda muka yi, ku ma kuna iya yi da ɗan kuɗi kaɗan.

Kwalba, da bokitin roba, da gwangwani, duka ba su yi ba. Iska ba ta ratsa su, zafi da danshi sukan taru a ciki, numfashinta ya lalace. Muka sa kafinta ya haɗa mana keji da katako, ya kewaye shi da wayar sauro irin ta taga, gefe huɗu da sama. Ga ƙarama, faɗin inci 18 kowane gefe da tsayin inci 30 ya isa. Tsayi ya fi faɗi amfani, gama ita mazauniyar itace ce. In ta girma sai an ƙara mata.

A ciki muka sa rassan gwaiba, waɗansu a gicciye waɗansu a karkace, kaurinsu kamar na fensir ko ƙasa da haka, yadda ƙafarta za ta kama sosai. Muka sa tsiro mai rai a cikin tukunya, mai ganye da yawa, domin ta sami wurin ɓuya. Hausawa suka ce, hawainiyarka ta kiyayi ramata. Mu kuwa ramar muka dasa mata, ta kuwa yi daidai. Yakuwa ma tana yi. Ku guji tsiro mai farin ƙaro, kamar tumfafiya da tinya.

Kada a zuba yashi ko dusar katako a ƙasan kejin. Harshenta mai danƙo ne, in ta harbi ƙwaro a ƙasa sai ta haɗiye da yashi, ya toshe mata ciki. Tsohuwar jarida ta isa, a riƙa sākewa.

A ɗora kejin a wuri mai bisa, yadda reshen sama zai kai tsayin idon babban mutum ko ya fi. Yawancin maƙiyanta daga sama suke zuwa, saboda haka in ana leƙa ta daga bisa kullum, hankalinta ba ya kwanciya. Kada kuma a haɗa biyu a keji ɗaya. Ba ta son abokin zama. Ganin 'yar'uwarta kaɗai yakan hana ta ci, ko da a madubi ne.

Rana da inuwa

Ɗaki mai duhu yakan kashe hawainiya a hankali. A cikin hasken rana akwai wani haske wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa UVB. Da shi fatarta take yin bitamin D, da bitamin D kuma jikinta yake sarrafa kalsiyam ya gina ƙashi. In ta rasa shi ƙafafunta sukan lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, ta kasa riƙe reshe, ta kasa harba harshe. Gilashin taga yana tare wannan haske, domin haka ajiye ta a bayan gilashi bai amfana kome ba. A Turai da Amurka, inda mutane suke kiwon hawainiyar ƙasar Yaman a cikin ɗaki, sai sun sayi fitila ta musamman mai tsada. Mu nan Allah ya ba mu rana kyauta.

Amma ranar tamu tana da ƙarfi. Wurin da ya fi kyau shi ne gabashin gida, a ƙarƙashin itace ko a baranda, inda hantsi zai taɓa gefe ɗaya na kejin, sauran kuwa yana cikin inuwa, ita ta zaɓi inda take so. Kada a bar dukan kejin a rana ko da na ɗan lokaci ne, balle da bazara, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Kada kuma a rufe samansa da kwano. Da dare tana bukatar duhu, ba ta bukatar fitila.

Ruwa

Wannan shi ne babban abin da ya kashe ta farkon. Hawainiya ba ta saba shan ruwa a kwano ba. A daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a kan ganye. Za ta iya mutuwa da ƙishi ga ruwa a gabanta.

Ku yayyafa wa ganyen ruwa mai tsabta safe da yamma, har ya riƙa ɗiga. In kuna da abin feshi ya yi kyau, amma ya zama sabo ne, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba. Wata dabara kuma, a huda gindin gwangwanin madara da allura, a cika shi da ruwa, a ɗora a saman kejin, ya riƙa ɗiga a kan ganye ɗaya bayan ɗaya. Ku bar kejin ya bushe tsakanin yayyafi da yayyafi. Da hunturu a ƙara yawan yayyafin, gama iska ta bushe.

Kashinta zai gaya muku ko tana samun ruwa. Kashi biyu ne a haɗe, baƙi da fari, kamar na kaza. In farin ya koma rawaya sosai ko ruwan goro, ruwa ya kasa mata.

Abinci

Ƙwari masu rai take ci, masu motsi. Ba ta cin tsaki ko tuwo. Takan tsaya cik, ta haɗa idanunta biyu a kan ƙwaron, ta harba harshe wanda tsawonsa yakan kai tsawon jikinta ko ya fi, kafin ƙiftawar ido ta jawo shi. Kallon wannan kaɗai ya isa ya riƙe yaro awa guda.

Ƙarama tana ci kowace rana. Kada ƙwaron ya fi faɗin kanta girma. 'Yan ƙananan fara, da ƙananan gyare, da ƙuda, da gara, duka suna yi, gara a riƙa sassākewa da a ba ta iri ɗaya kullum. Ga 'yar jaririya, a sa ɓawon ayaba ko na mangwaro a ɗan gwangwani a cikin kejin, ƙananan ƙudaje za su taru, ta yi farautarta da kanta. Sau biyu ko uku a mako a barbaɗa wa ƙwarin garin ɓawon ƙwai wanda aka dafa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar hoda, domin ƙashinta.

Kada a kamo ƙwari a gonar da aka yi wa feshi. Kada a ba ta farar tumfafiya, wadda ko mutum ba ya cinta. Kada kuma a bar gyare ya kwana a kejin, gama yakan ciji ƙarama tana barci.

Maƙiyanta a cikin gida

Kyanwa da ɓera da kaza duka suna cinta. Tururuwa da kwarkwasa suna iya gama da ita dare ɗaya, domin haka muka sa ƙafafun teburin da kejin yake kai a cikin gwangwanaye masu ruwa. Hayaƙin maganin sauro da feshin ɗaki guba ne gare ta, haka ma hayaƙin murhu.

Maƙiyi na ƙarshe shi ne yawan ƙauna. Hawainiya dabbar kallo ce, ba ta ɗauka ba ce. In ya zama dole a ɗauke ta, a miƙa mata tsinke ta hau da kanta. Kada a fizge ta daga reshe, gama ƙafarta tana iya karyewa. Kada a ja ta da wutsiya. Ƙadangare da tsaka in wutsiyarsu ta gutsure takan sāke tsirowa, tata kuwa ba ta tsirowa.

Mayar da ita

Akwai abin da ya kamata mu gaya wa 'ya'yanmu. 'Yar hawainiyar da suka tsinta ba marainiya ba ce. Uwar takan haƙa rami ta binne ƙwanta ta tafi abinta, bayan watanni da yawa 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fito, kowa ya kama gabansa tun ranar farko. Ba ta bukatar a cece ta. Ko an yi mata dukan abin da muka lissafa, hawainiyar da aka kamo daga daji tana da wuyar riƙewa.

Yawansu ma ba kamar yadda muke tsammani ba ne. Ƙunar daji tana cinsu, ana shanya su ana sayarwa a rumfunan masu magani, an kuma daɗe ana fitar da su da rai daga Togo da Jamhuriyar Benin da Gana zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Shi ya sa suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a shekarar 1973, ta sa wa ido, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Nijeriya da Nijar duka suna cikin wannan yarjejeniya.

Shawararmu ga iyaye ita ce, in yaro ya kawo ta, kada ku kashe, kada kuma ku bari a jefa ta a kwalba. In ba za a iya shirya mata wuri a ranar ba, a mayar da ita kafin rana ta faɗi. In an shirya, ku yi alkawari da yaron tun farko a kan ranar da za a sake ta, ku ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta launinta safe da rana da dare. In kuwa ta ƙi cin abinci kwana uku, ko ta yi duhu ta zauna a haka, kada a jira ranar alkawari.

Tamu ta yi mako shida a wurinmu. Ta yi saɓa sau biyu, ta ƙara tsawo sosai. Kaka, wadda ta ce a fitar da ta farko, ita ce ta riƙa tuna wa autan da yayyafin yamma, ko da yake har aka rabu ba ta yarda ta taɓa ta ba. Kafin ruwa ya ɗauke, tun ƙwari suna da yawa, muka kai ta dangar da aka same ta, da sassafe. Autan ya miƙa tsinken ga reshe. Ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya irin tafiyarta, ta kama, ta shige cikin ganye, kore shar.

Wanda yake da tambaya a kan dabbobin gidansa, sai ya rubuto mana kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.